Ƙafar Ayuba a Ƙasar Albasa

Kada a tambaye ni yadda muka baro gida. Wanda ya san ƙasar Zuru a shekarun nan ya sani, wanda bai sani ba kuwa Allah ya bar shi cikin rashin saninsa. Abin da zan faɗa kaɗai shi ne, ranar da masu bindiga suka shigo, Ayuba ya goya 'yarsa ya tsallaka wani kwazazzabo. Yarinya ta sauka lafiya, ƙafarsa ta hagu kuwa ta karye ƙasa da gwiwa. Ayuba shi ne autana, shi kaɗai ya rage mini cikin maza. Matarsa da 'ya'yansa muka bar su wurin danginta, ni kuma na sayar da 'yar akuyar da ta biyo mu, na ce Aliero za mu, tunda kowa ya san can ne gidan ɗori.

Sunana Saratu. Ban taɓa zama a aji ba, amma tun ina da ƙuruciya ni ke ba da waƙa a cocin ƙauyenmu, mata na amsawa. Mijina, kafin ya rasu, mutum ne da ake nunawa da baki. Ya yi wa ubana golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba shi mata, bai taɓa cewa wash ba. Na faɗi wannan ne don a san irin gidan da muka fito. Mu ba mabarata ba ne.

Zangonmu na farko Maiyama, ba don mun so ba. Direban da ya karɓi kuɗinmu har Jega, da ya iso nan sai ya hangi masu buhunan gero a bakin hanya, ya ga sun fi mu riba. Ya ce mota ta yi zafi, kowa ya sauka. Aka sauko da Ayuba kamar ƙunshin wanki aka kwantar da shi gindin dogonyaro. Muna kallo aka loda gero inda muke zaune, mota ta warke nan take, ta kama hanya.

Mutane suka kewaye mu. Ba mugunta a idonsu, kallo ne kawai, irin wanda ake yi wa akuyar da mota ta buge. Suna duban zanen fuskata, suna duban ɗan gicciyen da ke wuyana. Wata mai fura ta matso ta ce, "Ke Badakkariya, mi ya samu yaron naki?"

Na ce, "Karaya."

Ta ce, "Ayya. Allah shi kyauta."

Ta kawo mana ruwa, amma ba a ƙwaryar da take ba mutane ba, a wani gwangwanin tumatir da ta ɗauraye. Na gani, ta ga na gani. Da a gida ne da na zubar da shi a gabanta. Na ba ɗana ya sha, ni ma na sha, domin ƙishi ba ya tambaya 'yar wane ce ke. Can kuma ta dama mana fura mai kauri, ta ƙi karɓar ko sisi, amma a gwangwanin nan dai. Har yau ban san ko addu'a zan yi wa matar nan ko fushi ba. Nakan yi duka biyun.

A nan gindin itacen wani mutum ya same mu, riga fes, baki kamar zuma. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Ya ce, "Inna, Aliero za ku? Wahalar banza. Can mutane sun yi yawa, sai ku yi wata ba a dube ku ba. Akwai ɗan gidan, can ya tashi, can ya koya, shina nan Jega bayan tasha. Yau yau ɗin nan zai ɗora shi."

Tun da muka baro gida ba wanda ya durƙusa mini. Da hannunsa ya ɗauki Ayuba ya sa a mota. To, me zai hana in yarda? Sai daga baya na gane ladansa yake karɓa a kan kowane karyayye da ya kai, kamar dillalin awaki.

Jega gari ne mai hayaniya, kasuwa ta cinye rabinsa. Mai ɗorin yana wani ɗan ɗaki bayan tasha, matashi ne, ba zai girmi Ayuba ba. Ba zan ce bai san komai ba. Ya shafa ƙafar, ya sa aka riƙe ɗana, ya ja ƙashi ya zauna, ya jera sanduna ya naɗe da tsumma. Da ya zo ɗaure igiya sai ya ce, "Zan ja. In ka ji zahi ya kai maka, ka yi magana in tsaya."

Yanzu sai in faɗi abin da mutanen can ba su sani ba. A wurinmu namiji ba ya kukan ciwo. Ranar da ake yi wa yara zane, ranar da ake fitar da su fagen kokawa, haka tsofaffi ke tsayawa a kansu suna cewa, in da zafi ka yi kuka mana, yaro. Gwaji ne. 'Yan mata na gefe sun kasa kunne, wanda ya ce wayyo sai sunansa ya shiga waƙa, kuma waƙar nan sai ta raka shi kabari. Ayuba kuwa tun da ya fara kokawa gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Ga mutanen gari sun cika ƙofa suna kallon ɗan Dakarkari. Sai ya cire hularsa ya cusa a baki.

Mai ɗori ya ja, ya saurara. Shiru. Ya ƙara ja, ya dubi fuskar ɗana. Gumi na zuba kamar an kwara masa ruwa, jijiyar wuyansa ta miƙe, amma shiru. Ya taka gefen tabarma ya ja da ƙarfinsa duka, har igiya ta nutse cikin tsumma. Wani ɗan tasha daga ƙofa ya ce, "Kai! Wanga ba mutum ba ne, icce ne!" Aka yi dariya, ni kuwa na miƙe na rangaɗa guɗa a tsakiyar Jega, don su san irin ɗan da na haifa.

Aka ba mu wani lungu a zauren gidan da ɗakin yake muka zauna jiran sauƙi. Abin hannunmu ya ƙare, na shiga kasuwa neman aiki, ni da ban taɓa wanke kwanon wani ba sai na gidana. Wata mai tuwo, Inna Kulu, ta ɗauke ni wanke-wanke. Ƙatuwar mace ce, matar mahauci, bakinta kamar reza. Kullum sai ta ce, "Badakkariya, wanke kwano kike ko kokawa da shi? Za ki hudda min tasa!" Ni kuma in ce, "Da kin iya tuwo da bai manne haka ba." Sai ta ƙyalƙyale da dariya ta ƙara mini nama a miyar Ayuba.

Ranar Lahadi na tambayi inda Kirista ke sujada, aka nuna mini can bayan gari. Na wanke zanena na tafi da murna, na ce yau zan ga 'yan'uwa. Wani mai kwat a bakin ƙofa ya dubi silifas ɗina, ɗaya shuɗi ɗaya ja, ya nuna mini bencin baya. Da Turanci ake komai. Mai wa'azi yana ta ɗaga murya, wata mata kusa da ni tana ɗan juya mini da Hausa, wai bana shekarar buɗi ce, mai bangaskiya zai hau mota, zai gina bene. Na ce a raina, ni da na baro rumbuna cike da dawa wuta na ci, ashe bangaskiya ce ban da ita? Aka yi waƙa, ban san ko ɗaya ba. Ni Saratu, da muryata ke tsallaka rafi, na zauna baki rufe kamar baƙuwar kaza.

Da aka tashi na tari wani dattijon cocin na gaya masa halin da nake ciki. Ya ɗora mini hannu a ka ya yi addu'a doguwa. Da ya ji inda Ayuba yake kwance sai ya ɓata fuska ya ce, "Mama, kin kai ɗan Allah wurin masu tofi?" Ya ce zai zo ya duba shi. Ina jin har yau yana hanya. Wata Bayarabiya ce kaɗai ta biyo ni ta cusa mini burodi a hannu, ta juya. Ba wanda ya tambayi sunana.

Ƙafa kuwa ta fara canjawa. Yatsun suka kumbura kamar rogo, suka yi sanyi, daga nan suka soma duhu. In na ce, "Ayuba, yaya?" sai ya ce, "Da sauƙi, Mama." Na nuna wa mai ɗori, ya leƙa daga tsaye ya ce mugun jini ne ke fita, alamar warkewa ce. Bayan haka aka ce ya yi tafiya, ba wanda ya san ranar dawowarsa. Ayuba ya daina cin abinci, jikinsa ya yi zafi kamar murhu.

Rannan Inna Kulu ta ga kwanon Ayuba ya dawo ba a taɓa ba, ta yafa gyale ta ce in kai ta. Ba ta shiga zauren ba. A bakin ƙofa ta tsaya ta toshe hanci da gyale, ta jawo ni waje, duk wasan nan ya bar fuskarta.

Ta ce, "Saratu." Ranar ce ta fara kiran sunana. "Ni matar mahauci ce, na san warin nama in ya juya. Ɗauki yaron ga ki tahi Aliero yanzu, kak ki jira gobe."

Ƙanenta na da wata a-kori-kura, zai tafi Aliero lodin albasa. Ta tsaya a kansa da masifa har ya sauke buhunan gaba ya shimfiɗa wa Ayuba. Ta ƙulle mini tuwo a leda, ta ce, "Ki maido min da kwanona in kin dawo, ɓarauniya," alhali ba kwano ta ba ni ba. Sai ta juya da sauri tana goge ido.

Aliero, hancinka zai gaya maka ka iso tun kafin idonka. Albasa ko'ina, a gona, a rumfa, a kan jakai, a bakin titi tsibi-tsibi. Gidan ɗorin da aka kai mu babban fili ne da rumfunan zana, majinyata kwance jere, wasu Zabarmanci suke yi, wasu yaren da ban taɓa ji ba. Ba wata maganar jiran wata guda. Muna sauka wani tsoho siriri mai farin gemu ya taso daga kan buzunsa, shi ne mai gidan. Ya tsuguna ya yanke igiyar nan da 'yar wuƙa, ya warware tsumma a hankali. Ba zan faɗi abin da na gani ba.

Tsohon ya duba ƙafar ciki da waje. Sannan ya tambayi wanda ya yi ɗaurin, na kwatanta masa. Ya girgiza kai ya ce yaron ya taɓa zama wurinsu, bai gama koyo ba ya gudu. Ya dubi Ayuba ya ce, "Ɗana, da anka ja igiyag ga, ba ka ji zahi ba?"

"Na ji, Baba."

"To mi ya hana ka hwaɗi?"

Ayuba ya ce, "A gidanmu ba a faɗi."

Tsoho ya tafa hannu ya yi salati. Ya ce, "Mu ba mu ganin cikin ƙahwa. Kukan majinyaci shi ne idonmu. In ya yi ƙara mu sassauta, jini shi samu hanya. Kai ka yi shiru, shi ko wawa bai san shi duba yatsu ba." Ya juyo gare ni. "Baiwar Allah, ƙashi nika ɗorawa. Naman da ya mutu ba ni tashe shi. Ku tahi asibiti Birnin Kabi yau, a cire ta. In kunka kwana biyu, ba ƙahwa kaɗai za ki rasa ba."

Ni da ban taɓa durƙusa wa ɗan'adam ba sai iyayena, na zube a gaban mutumin nan na kama gefen rigarsa. Na ce ya yi tofinsa, ya karanta duk abin da yake karantawa, ban damu da addu'ar wane ce ba, Allah ɗaya ne zai ji. Na cire 'yan kunnena na ajiye a gabansa. Ya tura mini su da bayan hannu.

Ya ce, "In na amshi wanga na tofa, kin ji daɗi yau, jibi ki binne shi. Ba ni yi miki ƙarya da sunan Allah."

Tun daga Maiyama, in ban da Inna Kulu, kowa abin da kunnena ke so yake gaya mini. Wannan ne ya fara gaya mini gaskiyar duka, kuma a lokacin na tsane shi fiye da su duka.

Ayuba ya ji komai. Ya kira ni da ido, na matsa. Ya ce, "Mama, a mayar da ni gida. Gara in mutu da ƙafafuna biyu. Ni a kira gurgu? Wa zai riƙe mini garma? Da wane ido zan dubi surukaina, bayan noman da na yi musu?"

Na ce, "Wane gida? Tokar?"

Ya juya fuska. Na san taurin kan nan, nonona ya sha. Na san idan na roƙe shi ba zai ji ba, idan na yi masa faɗa ya fi ƙaruwa. Na zauna a ƙasa na ɗora kansa a cinyata, rana ta karkata, ƙanen Kulu yana jira da mota yana duban agogo. Na rasa ta inda zan kama. Na ce, Ubangiji, ka ƙwace gona na yi shiru, ka ƙwace rumbu na yi shiru, wannan kam sai ka ba ni magana.

Sai na ce, "Ayuba, dube ni. Kowace shekara, ranar Juma'ar da aka gicciye Ubangijinmu, wa ke ba da waƙa a coci?"

"Ke ce, Mama."

"To, da aka buga masa ƙusa aka rataye shi, hula ya cusa a baki? Ƙara ya yi, Ayuba, da babbar murya. A gaban sojoji, a gaban 'yan kallo masu dariya, a gaban uwar da ta haife shi. Ƙishi ya kama shi ya faɗa. Ya ji kamar Uban ya yashe shi, wannan ma ya faɗa, kowa na ji. Ga shi har yau ana waƙarsa, kuma ba waƙar zambo ba ce. Kai ka fi shi zama namiji ne?"

Ya juyo ya dube ni. Na ce, "Faɗa mini. Da zafi?"

Ya ce, "Mama, da zafi." Sai ya ɓarke. Ba kukan yaro ba, irin rurin sa in an kayar da shi. Rabon da in ji muryar kukan ɗan nan tun yana goye. Ya yi ta yi, yana cewa wayyo ƙafata, wayyo Allah, ya ƙanƙame zanena. Mutanen filin suka juyo. Ba wanda ya yi dariya. Wani Bazabarme da ke kwance da karyayyen ƙugu ya ɗago kai yana cewa sannu, sannu. Tsohon kuwa ya juya ya ba mu baya, kamar yana gyara zana. Da kukan ya lafa Ayuba ya ce, "A ɗauke ni."

An cire ta sama da gwiwa. Ya rayu.

Na ji masu cewa al'adarmu ce ta cinye ƙafar. Su faɗa, baki nasu ne. Da taurin nan kakanninmu suka noma kan duwatsu suka ci, ba su roƙi kowa ba. Sai dai ni na zauna na lissafa abubuwan da na ɗauka ba sa ƙarewa. Gona tana can, ciyawa ta cinye. Sunan gidanmu kuwa, a Jega ko kare bai san shi ba. 'Yan'uwa cikin Ubangiji sun nuna mini bencin baya. Ƙarfin ɗana, wanda nake taƙama da shi a gaban mata, igiya ɗaya ta gama da shi. Abin da ya saura a hannuna bai cika tafi ba: gaskiyar da wani tsoho ya ƙi sayar mini, hancin matar mahauci, da Almasihun da ya san zafi bai ɓoye ba. Ban ce sun ishe ni ba. Na ce su ne wuta ba ta ci ba.

A Aliero muka zauna, tunda ba inda za mu. Matar Ayuba da yara sun iso. Shi yana zama a rumfa yana tsince albasa, mai kyau gefe, ruɓaɓɓiya gefe, mutumin da ya saba kayar da maza. Wani lokaci ƙafar da babu ita takan yi masa ciwo, yanzu kuwa yakan faɗa.

Ranar da aka yi aikin, ma'aikatan asibiti suka miƙo mini ƙafar a naɗe cikin farin ƙyalle, suka ce a al'adar nan ba a yarwa, binnewa ake yi. Na tsaya riƙe da ƙafar da na wanke tun tana kamar ɗan yatsa, ban da ko taki ɗaya na ƙasa a duk faɗin lardin. Na shiga mota da ita a cinya na koma wurin tsohon. Bai tambaye ni komai ba. Ya ɗauki fartanya ya kai ni gonar albasarsa, kan hanyar Jiga Makera, ya haƙa rami da kansa a kan iyaka, gindin wani kalgo. Ya ja da baya ya ce, "Yi taki addu'ar, mu ba mu san ta ba."

Na yi. Na rufe ƙasa da hannuna, na danna dutse a kai. Sannan na ɗaga kai na ce, Ubangiji, an koya mana ranar ƙarshe za ka tashe mu da jikinmu. To, ga inda na ajiye ta, ka gani da idonka. In ka zo ɗaukar Ayuba, ka biyo ta nan tukuna. In kuwa ka tashe mini shi da ƙafa ɗaya, ni da kai akwai magana.